WAIWAYE ADON TAFIYA: Malam Usman Na Jama'a, Ƙasarsa Da Zuriyarsa

A cikin watan Yuni na shekarar 1827 wani saurayin Bature mai suna Richard Lander ya sauka a wani gari da ke gindin duwatsu, kudu da Zangon Katab, wanda ya rubuta sunansa Dunrora a cikin labarin tafiyarsa. Ubangidansa, Kyaftin Clapperton, ya rasu a Sakkwato wata biyu kafin wannan, shi kuwa yaron ya tattara takardun mamacin, ya biyo ta Kano, ya yi kudu da niyyar ya kai Fanda, ya bi ruwa har ya ga inda Kwara ta faɗa teku. Yana cikin ɗaura kaya zai ci gaba, sai ga mahaya huɗu da makamai sun iso daga Zariya, suka zarce ƙofar sarkin garin. Ba a jima ba sarkin da kansa ya taso, jama'a na biye da shi, ya shaida wa baƙon cewa Sarkin Zazzau na kiransa, kuma ba makawa sai ya koma. Lander ya yi magiya iyakar iyawarsa, amma a banza. Haka ya juya linzami ya bi mahayan zuwa Zariya, inda aka gaya masa cewa don tsare ransa aka komo da shi, domin Fanda da Sarkin Musulmi Bello ba sa ga maciji a lokacin.

Masana tarihi sun ɗauka Dunrora ɗin nan ita ce Daroro, watau Jama'ar Daroro, garin da Malam Usman ya kafa, kuma bisa ga jerin sarakunan Jama'a abin ya faru ne a zamaninsa. To, ga abin lura. Gari ne mai sarkinsa da fadawansa da dawakinsa, tafiyar kwanaki daga Birnin Zariya, amma mutum huɗu suka shigo da saƙon baka, suka ɗauke baƙo daga masaukinsa, ba wanda ya ce uffan. Dalilin wannan shi ne irin igiyar da ta ɗaure Jama'a da Zazzau tun ranar da aka kafa ta.

TUTA DAGA ZARIYA

Abin da aka riƙe daga bakin magabata shi ne, Malam Usman mutumin Yabo ne, can wajen Sakkwato, malami mai yawon karatu da wa'azi, har tafiya ta kai shi wurin Filanin da ke kiwo a ƙasar Kajuru. Da labarin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bazu bayan 1804, sai zama ya yi tsami tsakanin Sarkin Kajuru da baƙin nasa, kamar yadda ya yi tsami a wurare da yawa a wannan zamani. Aka ce Filanin sun sami labarin ana shirin auka musu, sai suka kora shanunsu suka yi kudu, har suka yada zango a gindin dutsen Daroro. Sunan garin ma ya faɗi asalinsa, jama'ar da ta taru a Daroro. Wannan kuwa wajen 1810 ne.

Kafin nan Malam Musa, wanda Shehu ya ba tuta, ya riga ya shiga Zariya, Sarki Makau ya fita ya yi kudu zuwa Zuba, inda daga baya ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu. Wurin Malam Musa ne Malam Usman ya tafi neman izni, daga hannunsa kuma ya karɓi tuta. Mai karatu na iya ganin wannan ƙaramin abu ne, tuta ai tuta ce. Amma fa a wancan tsari hannun da ya miƙa tuta shi ne ubangida har abada. Sarakunan Kano da Katsina da Bauci da Adamawa daga Shehu suka karɓa, don haka Sakkwato kaɗai suke kallo. Shi kuwa na Jama'a baran bara ne, yana bin Zazzau, Zazzau na bin Sakkwato. Haka ya faru ga Abdu Zanga na Keffi, wanda aka ce ya nemi tuta daga Shehu aka mayar da shi Zariya tun da yake ƙasar da yake zaune a cikin rabon Zazzau take. Haka kuma Makama Dogo da ya kafa Nasarawa daga baya.

Wani masani mai suna M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Lardin Zazzau ya buga littafinsa kan sarautar Zazzau cikin 1960, ya bambanta masu riƙe da ƙasa iri biyu a ƙarni na 19. Na farko su ne hakimai masu sarautar birni, irin su Madaki da Galadima da Wambai. Waɗannan a Zariya suke zaune kusa da fada, garuruwan da aka ba su kuwa a warwatse suke, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, jakadunsu ne ke kai da komo suna tara kuɗin ƙasa suna kawo ƙara. Ƙasar ta rawanin ce, ran da aka tuɓe mutum ta bi wanda aka naɗa, 'ya'yansa ba su da abin cewa. Na biyu su ne sarakunan da ke zaune cikin ƙasarsu, suna naɗa nasu masu sarauta, suna da nasu mayaƙa, sarautar kuma gadon gidansu ce. A cikin waɗannan Jama'a take, tare da Keffi da Nasarawa, da ƙananan gidaje irin su Kauru da Kajuru da Lere da Kagarko.

Amma gadon gida bai hana Zariya sa hannu ba. In sarki ya rasu, daga cikin gidan za a zaɓa, sai dai Zariya ce ke tabbatarwa, ta kan kuma tuɓe wanda ta ga dama ta naɗa ɗan'uwansa. Kowane sarki yana da ƙofa a birni, watau wani babba a fada wanda ta hannunsa saƙo da gaisuwa ke isa ga Sarkin Zazzau, ta bakinsa kuma umurni ke fitowa. In an yi gayyar yaƙi dole ya aiko da dawaki da dakaru. Shi kansa Sarkin Zazzau haka yake a gaban Sakkwato, Waziri ne ƙofarsa, kuma Sakkwato ta tuɓe sarakunan Zazzau fiye da ɗaya, har da Sambo cikin 1888. Wani lokaci ma wakilin ubangida ya kan fi mai gari ƙarfi. A Keffi, Magaji Ɗan Yamusa, wanda ke tsaye a madadin Zazzau, ya rufe sarkin garin ruf, shi ne kuma ya kashe Kyaftin Moloney cikin Oktoba na 1902, ya gudu Kano, Turawa suka sami hujjar da suke nema ta tasam ma Kano a 1903.

Sa'an nan ga gandu, abin da bara ke aika wa ubangida kowace shekara. A nan ne labarin ya yi ɗaci, ba kuwa amfanin a sa masa zuma. Akwai kuɗin wuri a ciki, da kayan da ƙasa ke bayarwa, amma babban abin da Zariya ke jira daga kudu bayi ne, ita ma tana aika wa Sakkwato da nata kason, sauran su cika rumada suna noma. Bayin nan kuwa ba daga sama suke faɗowa ba. Daga ƙauyukan maƙwabta ake samo su, na Kaninkon da Kagoma da Ninzam da Ayu da Kaje da sauransu. Ƙauyen da ya karɓi amana ya kan biya abin da aka yanka masa a bar shi da addininsa da dattawansa, wanda ya ƙi kuwa sai ya saurari dawaki in kaka ta yi, ciyawa ta bushe. Jikokin waɗanda suka kai harin sun daɗe da mantawa da yawancin wannan, amma jikokin waɗanda aka kai wa ba su manta ba.

INA IYAKAR ƘASAR?

Da wani zai tambayi Malam Usman inda ƙasarsa ta tsaya, da wuya ya nuna masa wani rafi ko wata kuka ya ce nan ne. Ikon sarki a wancan zamani hanya yake bi. Inda doki ke iya sukuwa, inda fatake ke wucewa da jakunansu, nan ikon yake da kauri. Da an doshi duwatsu ko kurmi sai ya yi ta sirancewa har ya ɓace. Mutanen Kagoro, waɗanda ke da dutse a bayansu da kibiya mai dafi a hannu, ba su taɓa biyan gandu ga Jama'a ko Zariya ba, alhali kuwa tsakaninsu da Daroro ba wata tafiya ce mai nisa ba.

Shi Zangon Katab ba a ƙarƙashin Jama'a yake ba, harkarsa ta fi alaƙa da Kauru, tsohon gidan sarautar Haɓe da ya bi Zazzau. Amma shi ne ya fi nuna yadda abin yake. Sunansa ya faɗi aikinsa, zango ne na fatake a cikin ƙasar Katab, mutanen da ke kiran kansu Atyap. Nan ayarin da ya fito daga Kano da Zariya ke sauke kaya kafin ya gangara Keffi da Binuwai, nan kuma hanyar Bauci ke ratsowa. Lander ya bi ta wurin kafin ya isa Daroro, ya rubuta shi Cuttup, ya ce ya yi tsammanin zai ga birni guda mai ganuwa sai ya tarar da ƙananan ƙauyuka wajen 500 kusa da juna, ga kasuwa mai cin shanu da bayi. Shekara 40 bayan haka wani Bajamushe, Gerhard Rohlfs, shi ma ya ratsa ta nan daga Bauci zuwa Keffi. Watau dai Hausawan Zango sun zauna a wurin tun da daɗewa, an haifi kakanninsu a can, kewaye da su kuma ga masu ƙasa waɗanda ke noma har bakin garin, ana ciniki, wani lokaci ana faɗa. Faɗan da ya fi zama a zukata shi ne na zamanin Sarkin Zazzau Kwasau, wanda ya hau a 1897, ya kai wa Katab hari mai tsanani.

Ƙasar dai ta girmi dukan masu jayayya a kanta. A kusa da Jama'a ne ma'aikatan haƙar kuza suka tono wani kan mutum na yumɓu, wani ya kafa shi a gonar doya yana korar dabbobi, har ya kai hannun Bernard Fagg a Jos cikin 1944. Daga wannan kai ne aka gane al'adar da ake kira Nok, wadda masu bincike suka nuna ta wuce shekara 2,000 da nisa.

WANI UBANGIDA A INGILA

Sa'ad da Turawan Ingila suka shigo a farkon ƙarni na 20, tsarin nan bai zame musu baƙo ba, domin sun karanta irinsa a makaranta cikin tarihin ƙasarsu. Ya kamata mai karatu ya ji labarin ɗaya daga cikin iyayengijin wancan tarihi, don ya ga tabaran da Razdan da Di'o suka sa suka dubi Jama'a.

William de Warenne mutumin Normandi ne, a arewacin Faransa, kuma ba shi ne magajin gidansu ba, saboda haka da takobi ya nemi abinsa. Yana saurayi ya yi fice a yaƙin Mortemer cikin 1054, ubangidansa William mai mulkin Normandi ya ƙwace wani gari mai ganuwa daga hannun wani baransa da ya saɓa masa, ya ba shi. Da ubangidan ya ƙetare teku ya ci Ingila, ya kashe Sarki Harold a Hastings ran 14 ga Oktoba, 1066, Warenne na cikin rundunar. Sabon sarki ya ce ƙasar duka tasa ce, ya rarraba wa barorinsa. Cikin 1086 ya aika da malamai gari gari suka rubuta kowace gona da mai ita da garmunanta da mutanenta a cikin wani babban littafi da ke ajiye har yau, a nan aka ga Warenne na da ƙasa a larduna 13. Yana da Lewes a kudu kusa da teku, da Castle Acre a gabas, da Conisbrough a arewa, a warwatse kamar garuruwan Madakin Zazzau, sai dai nasa na gado ne kamar na Sarkin Jama'a. Daga cikin manyan masu ƙasa na 'yan asalin Ingila kuwa, waɗanda suka rage a littafin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Sharaɗin riƙon shi ne wanda mai karatu ya riga ya sani. Bara ya durƙusa ya sa hannuwansa cikin na sarki ya yi caffa, ya kawo adadin barade da aka yanka masa in yaƙi ya tashi, in ya mutu magajinsa ya biya kuɗi kafin a bar shi ya gada. Shi ma yana da nasa barori da ya yanka wa gonaki, a can ƙasa kuma ga manoma waɗanda ba sa jin Faransancin ubangidansu. Su ma suna da nasu Kagoro, wata fadama mai suna Ely inda wani jarumi Hereward ya ɓuya da mutanensa, bayan ya kashe ɗan'uwan matar Warenne. Amma ita Ely an ci ta cikin 1071, Warenne na cikin waɗanda suka ci ta.

Da sarkin ya mutu a 1087 'ya'yansa suka yi rigimar gado, Warenne ya tsaya wa wanda ke bisa gadon Ingila, aka saka masa da babbar sarautar Surrey cikin 1088. Bai ci ta ba, domin a shekarar nan aka harbe shi da kibiya wajen kewaye garin Pevensey, ya mutu cikin watan Yuni, aka binne shi kusa da matarsa Gundrada a gidan masu zaman zuhudu da suka gina a Lewes. Ɗansa ya bi ɓangaren da ya faɗi cikin 1101 aka tuɓe shi, aka mayar da shi bayan shekara biyu. Jikansa ya mutu a yaƙin Salibiyya cikin 1148 bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya mace, Isabel. Tun da yake ƙasar na biye da ita, sarki ne ke zaɓa mata miji, cikin 1164 aka aurar da ita ga Hamelin, ɗan'uwan Sarki Henry na Biyu, shi kuwa ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki na matarsa. A ƙasar Hausa da wuya a ji ɗan mace ya gaji rawanin kakansa ta wannan hanya, amma a can ta haka gidan ya ƙara shekara kusan 200, sai a 1347 ya ƙare.

Kamar ta yi yawa, har ta rufe wa Turawa ido daga bambancin. A Ingila wanda ya ci da wanda aka ci addininsu ɗaya ne, suna auratayya, bayan 'yan ƙarnuka harshensu ma ya narke ya zama ɗaya, bauta kuma ta yi ta raguwa bayan cin ƙasar. A Kudancin Zariya kuwa addini ne ya raba wanda za a kama da wanda ba za a kama ba, ba a kuma cika shekara ɗari da kafa Jama'a ba Turawa suka iso, ciwon yana ɗanye.

ABIN DA TASWIRA TA YI

Bayan 1902 Turawa suka yanke igiyar. Suka cire Keffi da Nasarawa da Jama'a daga hannun Zazzau suka sa su cikin Lardin Nasarawa, aka daina aika gandu Zariya, aka hana hari, haraji ya koma na kuɗi, Razdan ya zama sabon ubangida. A Zazzau kuma aka fitar da hakimai daga birni, aka haɗa wa kowa garuruwansa wuri ɗaya aka kira shi gunduma, aka ce ya je ya zauna a ciki. Sai dai taswira ba ta san iko mai sirancewa ba, layi take ja. Ƙauyen da a da yake biya shekara ɗaya ya ƙi shekara uku, da wanda bai taɓa biya ba sam, duk suka faɗa cikin layin wani, sunansu ya shiga littafin haraji. Dutsen da doki ya kasa hawa kuwa, soja da bindiga mai ruwa suka hau.

Kagoro da Marwa da Jaba suka tsira da sarakunansu, don an yarda ba a taɓa cin su ba. Katab da Kaje, waɗanda ke kiran kansu Bajju, suka zauna cikin En'en Zazzau, ana aiko musu da hakimi daga Zariya, da alƙali, da dogarai. Gundumar Zangon Katab ba ƙarama ba ce a idon fada, domin Malam Ja'afaru ɗan Isiyaku daga hakimcinta ya tafi ya zama Sarkin Zazzau cikin 1937. Amma a wannan lokaci 'yan mishan sun riga sun buɗe makarantu a Kwoi da Kagoro, samari masu karatu sun fara tambayar abin da ya sa maƙwabcinsu na Kagoro ke da sarki nasa su kuwa babu. Tun cikin shekarun 1940 aka fara ƙin biyan haraji da ƙin aikin tilas. Sai a 1967 aka naɗa ɗan ƙasa na farko hakimin Zangon Katab, Malam Bala Ade Dauke, shi ma da rawanin Zariya, Kuyambanan Zazzau.

Gidan Malam Usman kuwa jirgin ƙasa ne ya tashe shi. An mayar da Jama'a cikin Lardin Filato a 1926, a 1927 kuma Kafanchan ta zama mahaɗar dogo, inda hanyar Jos ta rabu da wadda ta taso daga Fatakwal zuwa Kaduna. Tsohon garin yana cikin kwari mai ƙudan tsando, ciniki ya bi tasha, cikin 1933 aka kwashe fada da jama'arta aka kai Kafanchan, ƙasar mutanen Fantswam. Kafin samun mulkin kai aka komo da ita Lardin Zazzau, amma da En'enta daban. Abin mamaki, shi ma Warenne dogo ne ya tashe shi. Cikin 1845 leburorin da ke haƙa hanyar jirgi a Lewes suka ci karo da akwatuna biyu na darma, ɗaya da sunansa ɗaya da na Gundrada, aka kwashe ƙasusuwan aka sake binnewa a wata majami'a da ke kusa. Bambancin shi ne nasa gidan ya riga ya ƙare, na Jama'a kuwa yana nan da rawaninsa. Sarki Isa Muhammadu ya daɗe bisa gado har ya rasu a 1998, ɗansa Muhammadu Isa Muhammadu ya gaje shi, ko da yake bikin ba shi sanda cikin Mayu na 1999 bai wuce ba sai da aka yi tarzoma a Kafanchan. A zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi aka ba Fantswam da Kaninkon da wasu ƙabilu masarautunsu, ƙasar Jama'a ta tsuke ƙwarai.

A Zangon Katab abin ya fi muni. Cikin Fabrairu na 1992 rigima ta tashi kan mayar da kasuwa wani sabon wuri, cikin Mayu ta sake tashi da ƙarfin da ya rusa yawancin garin Zango, ta bazu har Kaduna da Zariya, aka yi asarar rayuka masu yawa. Kotun musamman ta yanke wa Manjo-Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu hukuncin kisa a 1993, aka sassauta zuwa ɗauri, aka sake su a 1994. Cikin 1995 gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta kafa masarautun Atyap da Bajju, Bala Dauke ya ajiye rawanin Zariya ya zama Agwatyap na farko. Da wannan maganar rawani ta kwanta. Maganar gonakin da ke kewaye da Zango ita ce ba ta kwanta ba.

Ingila ma ta taɓa shiga irin wannan tambaya. Wajen 1279 Sarki Edward na Ɗaya ya aika da alƙalai su tambayi manyan ƙasa da wane izni suke riƙe da ikon shari'a da cin tara a garuruwansu. Marubutan zamanin sun ba da labarin cewa da aka zo kan John de Warenne, sai ya zaro wani tsohon takobi mai tsatsa ya ce ga izninsa, da shi kakanninsa suka ci ƙasar tare da Sarki William. Ko an yi haka ko ƙari ne na masu labari, sarki ya ga takarda ba za ta raba gardamar ba, domin yawancinsu ba su da ita. Cikin 1290 aka yi doka cewa duk wanda gidansu ke riƙe da iko ba yankewa tun daga 1189 a bar masa abinsa. Shekara guda aka zaɓa, kowa ya yi lissafi daga gare ta. A Zangon Katab kowane ɓangare da shekarar da yake fara ƙirga. Atyap na farawa tun kafin fatake su sauke kaya, Hausawan Zango na farawa daga zaman kakanninsu, wanda ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba, takardun En'e kuwa na farawa daga ranar da Di'o ya ja layinsa.

Gwamnati ta kafa hukumar bincike ta Mai Shari'a Rahila Cudjoe a 1992, ta kuma kafa kwamitin sulhu na Usman Mu'azu a 1995, dukansu sun miƙa rahoto. Cikin Yuni na 2020, da rikici ya sake ɓarkewa kan gona a gefen Zango, sai Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya naɗa wani kwamiti ya tsara matsayin gwamnati a kan rahotannin nan biyu, shekara 28 bayan an rubuta na farkon.